Inna tana kan ƙarin ruwa, Yaya yana so a mayar da ita gida

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mace ce mai shekara 31, ina aure a Mabera cikin garin Sakkwato. Innarmu ta haura shekara 60 kuma tana da ciwon suga. Sati uku ke nan da aka yi mata aikin hanji a wani babban asibiti nan cikin gari, ni ke jinyarta. Bayan aikin zazzaɓi ya ƙi sauka duk da allurai iri-iri. Aka ɗebi jininta aka kai awo, bayan kwana uku likita ya ce an ga Candida a ciki, za a riƙa sa mata wani magani mai suna amphotericin B ta ƙarin ruwa, kuma abin zai kai sati biyu ko ya wuce. Ranar da aka fara, karkarwa ta riƙa yi har gadon na motsi, ta yi amai. Babban yayanmu, wanda shi ke biyan mafi yawan kuɗin, ya ce maganin ya fi ƙarfinta kuma cin kuɗi kawai ake yi, don matarsa ta taɓa yin Candida, kafso ɗaya ta saya a kemis ta warke. So yake ya sa hannu a sallame ta, a kai ta gida Gwadabawa a ci gaba da kafso da na gargajiya. Goggonmu kuma tana ta ƙus-ƙus, wai ai ciwon sanyi ne, ina tsohuwar da mijinta ya rasu shekara takwas ta samo shi? Inna da kanta ta ce ta gaji, gida take so. Mun sayar da raguna biyu da 'yan kunnena. Maigidana ya fara ƙorafi saboda yara. Ni ce auta, ban iya musu da Yaya. Mi zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Mabera

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da jinya, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Wanda bai taɓa kwana sati uku a kan tabarma gefen gadon asibiti ba, bai san irin gajiyar da ke cikin wasiƙarki ba. Ga ciwo, ga kuɗi na ƙarewa, ga bakin dangi, kuma duk an tattara an ɗora wa auta.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba: kada a fitar da Inna yanzu. Abin da likita ya gani a jininta ba ƙaramin ciwo ba ne, kuma dakatar da maganinsa a tsakiya kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Amma ba na so ki riƙe wannan don kawai Hajiya ta faɗa. So nake ki gane dalilin da kanki, domin da dalili za ki iya tsayawa gaban Yaya, ba da kuka ba.

Candida wata 'yar mitsitsiyar halitta ce, dangin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da fanke da shi, da fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Tana zaune a jikin mafi yawan mutane, a baki, a hanji, a fata, a gaban mace, ba ta cutar da kowa. Idan ta yi yawa a gaban mace sai a samu ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri, abin da mata ke haɗawa da wasu ciwuka su kira sanyi. Wannan shi matar Yaya ta yi, kuma gaskiya ne kafso ɗaya na fluconazole mai nauyin miligiram 150 yakan kashe shi. Yaya bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Sai dai na matarsa a waje ya tsaya, na Inna kuwa ya kutsa cikin jini, jini kuma babu inda ba ya zuwa. Daga can ƙwayar tana iya samun wurin zama a bayan ido, a ƙofofin zuciya, a ƙoda, a hanta, ko a ƙashi. Ko a ƙasashen da ba su rasa komai na asibiti ba, wannan ciwo yana kashe mutane da yawa, shi ya sa a shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'o'inta biyu, Candida albicans da Candida auris, cikin rukunin farko na irin waɗannan ƙwayoyi da suka fi haɗari. Ban faɗi wannan don in tsorata ki ba. An gano na Inna, wanda shi kansa sa'a ce domin awon jini yakan kasa kama shi a wajen kusan rabin masu ɗauke da shi, kuma an fara magani. Mutane suna warkewa sarai idan aka ci gaba da maganin har ƙarshe.

Ta ina ya shiga? Wannan ita ce amsar Goggo. An yanka hanji, inda ƙwayar take zaune tun fil azal. An yi makonni ana ba Inna magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu ƙarfi, su kuwa sukan share ƙwayoyin kirki da ke danne Candida, sai fili ya zama nata. Ga robar da aka soka a jijiya, ga robar fitsari, ga suga da ke raunana garkuwar jiki. Duk ƙofofin da wannan ciwo ke bi sun buɗe wa Inna a lokaci guda. Jarirai bakwaini da ke cikin kwalba suna kamuwa da shi, maza masu wankin ƙoda suna kamuwa da shi. Babu ruwansa da kwanciyar aure. Ko wancan na gaban mace ma, yarinyar da ba ta san namiji ba tana yinsa, mai ciki tana yinsa, mai suga tana yinsa. Ki samu Goggo ku biyu, ba cikin mutane ba, ki gaya mata haka da ladabi, ki ce likita ne ya bayyana miki. Idan ta ci gaba, ki faɗa wa Yaya abin da ake cewa a kan mahaifiyarsa. Ina kyautata zaton ranar za ta daina. Zargin tsohuwa tana kwance ba ta iya kare kanta abu ne mai nauyi a wurin Allah, kuma na tabbata Goggo ta san hakan, rashin sani ne ya ja bakinta.

Mu koma kan karkarwar nan, domin na san ita ce ta fi tayar muku da hankali. Amphotericin B tsohon magani ne, tun shekarun 1950 ake da shi, kuma har yau yana cikin waɗanda suka fi kashe irin waɗannan ƙwayoyi. Amma ba shi da sauƙin hali. Zazzaɓi, rawar ɗari da amai a lokacin da yake shiga jiki sanannen abu ne, ya fi tsanani a kwanakin farko, kuma yawanci yana raguwa. Ba alama ce ta cewa maganin yana kashe ta ba. Akwai dabarun rage shi: a ba ta farasitamol da maganin ƙaiƙayin jiki, wani lokaci da allurar hydrocortisone, kafin a ɗaura, kuma a bar ruwan ya riƙa ɗiga a hankali na tsawon awanni, kamar huɗu ko fiye. A nan zan ja kunnenki: kada ke ko wani mai ziyara ya taɓa 'yar tayar nan ta jikin robar don ruwan ya yi saurin ƙarewa. Na sha ganin masu jinya suna yi don tausayi, kuma da wannan magani hakan yana iya taɓa bugun zuciya.

Inda ya kamata ki sa ido sosai shi ne ƙoda. Maganin yana wahalar da ita, yana kuma zubar da wani gishirin jini da ake kira fotasiyam. Shi ya sa akan sa ledar ruwan gishiri kafin a ɗaura shi, akan kuma ɗebi jini sau biyu ko uku a sati a duba ƙodar da gishirin. Idan Yaya ya ga ana yawan ɗibar jini ya ce cin kuɗi ne, wannan awon shi ne ke tsare ƙodar mahaifiyarsa. Ke kuma ki lura da fitsarinta. Idan ya ragu ƙwarai, ko ƙafafu suka kumbura, ko jikinta ya saki fiye da da, ko jijiyoyi suna ɗaurewa, ko ta ce zuciyarta na dukan uku-uku, ki kira nas a take, kada ki jira safiya. Kuma kada a ba ta diclofenac ko ibuprofen daga jakar wani mai ziyara don ciwon jiki. Su ma ƙoda suke ci, haɗuwarsu da wannan magani ba ta da kyau. Haka jiƙo da saiwoyi da sassaƙe, komai kyan niyyar wanda ya kawo, a ajiye su. Addu'a, tofi, karatun Alƙur'ani a gefen gadonta, sadaka, babu likitan da zai hana, kuma ni ma ina ƙarfafa ki a kansu.

Me ya sa sai ta jijiya? Domin wannan magani idan aka haɗiye shi hanji ba ya tsotse shi ya kai jini. Haka ma wasu sababbi da suka fi shi sauƙi a jiki, irin su caspofungin da micafungin da anidulafungin, waɗanda a ƙa'idar likitocin duniya su ake so a fara da su, duk ta jijiya ake ba da su, sau ɗaya a rana. Matsalarsu tsada da wuyar samu a ƙasar nan. Akwai kuma wani nau'in amphotericin ɗin da aka lulluɓe cikin maiƙo, ya fi tausaya wa ƙoda, shi ma kuɗinsa ya ninka. To ba mamaki likitocin Inna sun zaɓi abin da ke samuwa ne kuma aljihunku zai iya ɗauka. Kina da haƙƙin tambaya ko akwai wani zaɓi, musamman idan ƙodar ta fara nuna gajiya.

Yanzu ga wurin da nake ganin ke da Yaya za ku iya haɗuwa. Fluconazole ɗin da yake magana a kai ana amfani da shi a ciwon jini ma, kuma idan aka sha shi sama da kashi 90 cikin 100 yana isa jini. Likitoci sukan sauya majinyaci daga na jijiya zuwa na sha bayan kamar kwana biyar zuwa bakwai, amma sai sharuɗɗa sun cika: zazzaɓi ya sauka, jiki ya daidaita, cikinta yana karɓar abinci da magani, sabon awon jini ya fito babu ƙwayar, kuma an tabbatar irin Candida ɗin da ta kama ta yana jin maganin. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin Candida dangi-dangi ce. Albicans yawanci tana jin fluconazole. Krusei ba ta jinsa ko kaɗan, glabrata sau da yawa tana turjewa, auris kuwa, wadda aka fara ganowa a Japan a 2009, mafi yawanta ba ta san yana yi ba. Ba a gane wannan da ido, sai a ɗakin awo. Sannan ki duba bambancin yawan: matar Yaya miligiram 150 ta sha sau ɗaya. Babban mutum mai ciwon jini akan fara masa da kamar 800 a ranar farko, sannan 400 kullum. A sati biyu ya kai nauyin irin kafson nata guda 40. Ban rubuta wannan lissafi don a je kemis a saya ba, domin akan rage shi idan ƙoda ta raunana, kuma idan Inna tana shan glibenclamide na suga, fluconazole yana ƙara masa ƙarfi har suga ya faɗi ƙasa warwas, tsohuwa ta suma cikin dare a ƙauye babu mai awo. Na rubuta ne don Yaya ya ga cewa hanyar da yake so tana nan, likita ne kawai zai ce ga ranar hawanta.

Ki kuma fahimci yadda ake ƙirga sati biyun nan, don kada a zo a ce likita ya saɓa alkawari. Ba daga ranar da aka fara magani ake ƙirgawa ba, daga ranar da awon jini ya fara fitowa wankakke ne ake ƙirga kwana 14, in dai ciwon bai sauka a wata gaɓa ba. Idan ya taɓa ido ko zuciya, lokacin yakan ƙaru. Saboda haka duk jinkirin maimaita awon jinkirin komawa gida ne. Idan kuɗi ya yi ƙaranci har sai an zaɓa, ki tambayi likita wane awo ne ba a iya tsallakewa.

Gobe da safe, kafin likitoci su fara zagaye, ki rubuta tambayoyinki a takarda, domin in sun tsaya a kanka da fararen riguna komai sai ya gudu daga kai. Wace irin Candida ce, kuma tana jin fluconazole? An sake ɗibar jini, yaushe sakamako zai fito? Idan akwai doguwar roba a wuya ko a ƙirji, an cire ta ko an canza, tunda ƙwayar takan manne a jikinta? Akwai ruwa ko mugunya da ya taru a cikin inda aka yi aiki wanda ke buƙatar a zuƙe? Likitan ido ya duba ta? Wannan na ido ana so a yi shi cikin satin farko, a ɗiga magani a leƙa can ciki, ko da Inna ba ta ce komai ba. In kuwa ta ce tana ganin hazo ko wasu baƙaƙen abubuwa na yawo, a faɗa a ranar. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda Yaya zai so ya ji amsarta: idan komai ya tafi daidai, yaushe za a iya komawa na sha?

Shi ya sa nake so Yaya ya kasance a wurin. Kada ki yi musu da shi, ɗiyata, ba za ki ci riba ba, kuma ba abokin gabarki ba ne. Mutum ne da ke kallon abin da ya tara yana narkewa, yana kallon uwarsa tana karkarwa, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Namiji babba a gida sau da yawa tsoronsa da faɗa yake fitowa. Ki fara da gode masa a kan abin da ya kashe. Ki ce masa ke kanki ya kulle, kina so ya zo ya ji daga bakin likita don shi ne babba. Idan kina ganin ba zai saurare ki ba, ki bi ta wajen kawunku, ɗan'uwan Inna, ko wani malami da yake jin nauyinsa. Roƙonki guda ɗaya ne, kuma ƙarami: kada a sa hannu a kowace takarda sai sakamakon awon nan ya fito. Mutum ya fi saurin yarda da kwana uku a kan a ce masa sati biyu.

Maganar kuɗi kuwa, a daina barin ta a wuyan mutum ɗaya. Ku nemi likita ko mai ba da magani ya ƙiyasta muku abin da ya rage, a rubuce, a sa a zauren WhatsApp na dangi kowa ya gani ya ɗauki abin da zai iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ki tambayi nas ta nuna miki. Ku kai takardun asibiti Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, ku kuma sanar da limamin masallacin unguwa, babu abin kunya a ciki. Idan Inna tana da rajista da SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Sakkwato, a bincika abin da katin zai ɗauke. In kuma an rubuta muku magani ku sayo a waje, ku je babban kantin magani mai rajista, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku karɓi rasit. Amphotericin da caspofungin a firji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Garin da zafinsa ke haura 40 a watan Afrilu, in aka saka kwalbar a aljihu aka hau kabu-kabu aka tsaya gaisawa a hanya, ana iya yin asarar kuɗin. Ku tafi da 'yar kula da ƙanƙara, ku miƙa wa nas da isarku.

Idan duk an yi wannan kuɗin ya gagara, to a gaya wa likita gaskiya ƙarara: ga iya abin da muke da shi, wace hanya ce mafi sauƙi da ba za ta jefa ta cikin haɗari ba? Akwai fluconazole na ƙarin ruwa wanda ya fi sauran araha da sauƙin samu, idan irin ƙwayarta na jinsa. Kuma ranar da aka sallame ta a kan na sha, ina ganin gidanki na Mabera ya fi Gwadabawa har maganin ya ƙare, saboda komawa awo da kuma in zazzaɓi ya dawo cikin dare. Wannan kuwa sai da yardar maigidanki, don haka ki fara lallashinsa tun yau. Ƙorafinsa ba rashin tausayi ba ne, sati uku da yara ba wasa ba. Ki gaya masa inda aka kwana da kwanakin da suka rage, ki kuma nemi matar Yaya ko wata yayarki ta karɓe ki kwana biyu a sati ki je ki ga 'ya'yanki ki yi barci. Ba ke kaɗai Inna ta haifa ba.

Na bar Inna a ƙarshe don maganarta ta fi ta kowa nauyi. Jikinta ne, kuma in tana cikin hankalinta ita ke da ta cewa, ba Yaya ba, ba ke ba. Amma tsohuwar da ta ce gida take so, sau da yawa abin da take nufi shi ne ta gaji da allura, ta gaji da kwanciya, tana kuma jin nauyin yadda ake sayar da dabbobi saboda ita. Ki roƙi likita ko nas mai jin Hausa sosai ya zauna ya yi mata bayani da bakinsa, ban da turanci, ya gaya mata abin da zai iya faruwa in an tsaya da abin da ake fata in an ci gaba. Ku daina lissafin kuɗi a gaban gadonta. Ki kawo mata zanen rufarta na gida da carbinta, ki sa jikokinta su gaishe ta ta waya bayan la'asar, ki tambayi nas irin abincin gida da sugarta da hanjinta za su ɗauka. Ki samo kalanda ki rataye inda take gani, ranar da awo ya fito wankakke ku fara soke kwanakin tare, ɗaya bayan ɗaya.

Ki sake rubuto mini idan sakamakon ya fito, ki gaya mini sunan irin Candida ɗin da abin da likita ya ce game da ido da ƙoda. Ki gaishe mini da Inna.